SQLite a manhajar Qt: rumbu na kullewa nan take, fayil ɗin WAL kuma sai kumbura yake

sabon_magini ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai. Ina neman taimako a kan wata manhajar kwamfutar tebur da aka rubuta da C++ da Qt 6, laburaren gina manhajoji masu taga, tana aiki a Windows 10 da 11. Bayananta suna cikin SQLite, rumbun bayanai da ke zaune a fayil, ta direban QSQLITE da ke zuwa tare da Qt.

Ga yadda tsarin yake. Konekshan biyu ne a kan fayil ɗaya. Na farko yana kan babban zaren aiki (thread, wato layin aiki da ke gudana a cikin manhaja), shi ke nuna jadawalin kaya a QTableView ta hanyar QSqlQueryModel, kuma da shi ake ajiye duk gyaran da mai amfani ya yi. Na biyu yana kan wani zare a bayan fage, aikinsa shigo da bayanai daga fayil ɗin CSV, wani lokacin layi 200,000 a zama ɗaya. Ga kowane layi yana yin SELECT ya duba ko kayan yana nan, sannan ya yi UPDATE ko INSERT. Ana buɗe taransakshan, wato jerin umarnin da ake tabbatarwa ko sokewa tare, da QSqlDatabase::transaction, ana yin COMMIT don tabbatar da shi bayan kowane layi 5,000. An kunna WAL, tsarin da SQLite ke fara jera canje-canje a wani fayil na gefe kafin ya kai su babban fayil, wa'adin jira kuma an sa shi QSQLITE_BUSY_TIMEOUT=10000 a duka konekshan biyun.

Matsalolin uku ne. Ta farko, saƙon "database is locked" yana fitowa nan take, ko sakan ɗaya ba a yi ba, alhali wa'adin sakan 10 ne. Wani lokacin a zaren shigo da bayanai yake fitowa, wani lokacin idan mai amfani ya danna maɓallin ajiyewa. Ta biyu, fayil ɗin da sunansa ya ƙare da -wal yana girma har ya wuce megabait 600, alhali rumbun kansa bai kai megabait 90 ba, kuma ba ya raguwa sai an rufe manhajar gaba ɗaya. Ta uku, kwafin ajiya da manhajar ke yi da QFile::copy kowane dare wani lokacin ba ya ɗauke da bayanan ranar, kuma an samu wanda da aka buɗe shi ya ce "database disk image is malformed".

Shin waɗannan abubuwa uku tushensu ɗaya ne, ko kowanne da nasa ciwon? Kuma me ya sa SQLite ba ya mutunta wa'adin jiran da aka ba shi?

tsohon_hannu ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in ɗauki ta farkon, don ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta.

SQLite yana jira ne kawai a inda jiran zai iya haifar da ɗa mai ido. QSqlDatabase::transaction yana aika BEGIN zalla, wanda a wurin SQLite daidai yake da BEGIN DEFERRED, wato ba ya kama komai sai umarnin farko ya zo. Naka umarnin farko SELECT ne, don haka taransakshan ɗin ya fara a matsayin na karatu, ya riƙe hoton rumbun yadda yake a wannan lokacin. Da UPDATE ya zo, sai ya nemi a ɗaga shi daga mai karatu zuwa mai rubutu. A WAL kuwa masu karatu ko nawa ne suna iya aiki tare, amma mai rubutu ɗaya ne tal a kowane lokaci.

Abu biyu ke iya faruwa a nan. Idan ɗaya konekshan ɗin yana tsakiyar rubutu, za ka samu SQLITE_BUSY, lamba 5, ba tare da an kira mai jiran ba, wato sashen SQLite da ke aiki da wa'adin jira. Idan kuwa ya riga ya yi COMMIT bayan naka SELECT ɗin, za ka samu SQLITE_BUSY_SNAPSHOT, lamba 517. Dalilin duka ɗaya ne: hoton da kake riƙe da shi ya tsufa, ko yana dab da tsufa, kuma ba a yarda ka ɗora rubutu a kan tsohon hoto ba, don shawarar da ka yanke daga wancan SELECT ɗin tana iya zama ba daidai ba yanzu. Ko shekara ka ba shi wa'adi, jiran gawon shanu ne. Shi ya sa yake dawo maka da amsa nan take. Rubutun saƙon iri ɗaya ne a duka biyun, sai lambar ce ke bambanta su, don haka ka riƙa rubuta QSqlError::nativeErrorCode a cikin log ɗinka. Idan faɗaɗɗun lambobin kuskure suna kunne za ka ga 517, idan ba haka ba duka za su fito a matsayin 5. Ka haɗa da QElapsedTimer ka auna tsawon lokacin da umarnin ya ɗauka kafin ya faɗi. Ƙasa da milisakan 50, matsalar ɗagawa ce. Kusan 10,000, wani ne ya riƙe kullen rubutu ya daɗe.

Kana iya ganin abin da idonka ba tare da Qt ba. Buɗe manhajar sqlite3 a taga biyu a kan rumbu ɗaya mai WAL. A ta farko:

.timeout 10000
BEGIN;
SELECT * FROM kaya LIMIT 1;

A ta biyu ka yi INSERT guda ɗaya. Ka dawo ta farko ka yi UPDATE. Kafin ka ɗaga yatsa daga maɓalli saƙon ya fito.

Gyaran shi ne duk taransakshan ɗin da ka san zai yi rubutu, ka buɗe shi da BEGIN IMMEDIATE ta QSqlQuery::exec, ka daina amfani da transaction ɗin Qt a wurin. Wannan yana neman kullen rubutu tun daga farko, kafin a karanta komai, kuma a nan ne wa'adin jira yake aiki sosai. Idan wani abu ya faɗi a tsakiya, ka yi ROLLBACK ka maimaita taransakshan ɗin tun daga BEGIN, kada ka maimaita umarnin da ya faɗi shi kaɗai. Idan ka manta da ROLLBACK, BEGIN na gaba zai ce maka "cannot start a transaction within a transaction", ka shiga neman wata matsalar da ba ita ba ce.

Wancan SELECT ɗin na kowane layi ma ba ka buƙatarsa. Tun siga ta 3.24.0, ta shekarar 2018, SQLite yana da INSERT ... ON CONFLICT ... DO UPDATE. Ka sa UNIQUE a kan lambar kaya, ka shirya umarnin sau ɗaya da prepare, ka riƙa canja ƙimomin da bindValue. Aikin zai yi sauri fiye da yadda kake zato.

Akwai wani abu da zai biyo bayan gyaran, gara ka sani tun yanzu. Mai jiran SQLite ba layi yake bi ba. Barci yake yi ya farka ya sake gwadawa: milisakan 1, 2, 5, 10, 15, 20, 25, a haka har ya kai 100, daga nan kowane 100. Idan zaren shigo da bayanai yana yin COMMIT ya sake BEGIN IMMEDIATE a cikin ƙiftawar ido, mai jiran zai riƙa farkawa yana tarar da ƙofa a rufe har wa'adinsa ya cika. Ka rage ƙunshin zuwa layi 500 ko 1,000, ka bar ɗan sarari bayan kowane COMMIT. Kuma jiran sakan 10 a babban zare ba abin so ba ne, don Windows yana ɗaukar taga a matsayin wadda ta daskare idan ta yi sakan 5 ba ta amsa ba.

sabon_magini ya rubuta:

Na gode, Malam, Allah ya ƙara sani. An mayar da duk wuraren rubutu zuwa BEGIN IMMEDIATE, an kuma koma ON CONFLICT. Zaren shigo da bayanai ya daina faɗuwa kwata-kwata. Amma tsugune ba ta ƙare ba: maɓallin ajiyewa na babban zare har yanzu yana faɗuwa, kuma yanzu a kan BEGIN IMMEDIATE ɗin kansa yake faɗuwa, lamba 517, cikin milisakan 1 ko 2. Abin da ya ɗaure min kai, a rumbun gwaji mai layi 80 ba ya faruwa ko sau ɗaya, sai a babban rumbu. Fayil ɗin WAL ma yana nan yana kumbura yadda yake.

mai_jadawali ta rubuta:

Wannan bayanin na layi 80 shi ya tona asirin, ɗan'uwa. Matsalarka ta farko da ta biyu uwarsu ɗaya, kuma tana cikin QSqlQueryModel.

SQLite ba ya faɗa wa Qt yawan layukan da SELECT zai dawo da su, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Don kada taga ta tsaya, QSqlQueryModel yana ɗebo kimanin layi 256 ne kawai da farko, sauran sai mai amfani ya gangara ƙasa sannan fetchMore ya ƙaro. Ma'anar wannan ita ce umarnin SELECT ɗin bai kai ƙarshe ba, yana nan a buɗe muddin tagar tana buɗe. Umarnin da bai ƙare ba kuwa taransakshan ɗin karatu ne, ko ba ka rubuta BEGIN ba. A rumbu mai layi 80 ana kwashe komai a ɗiba ta farko, umarnin ya rufe kansa, shi ya sa gwajinka ke wucewa lafiya.

To ka duba abin da ke faruwa a babban rumbu. Konekshan ɗin babban zare yana riƙe da hoton rumbu na lokacin da aka buɗe tagar. Zaren baya ya yi COMMIT sau da yawa bayan nan. Ka zo da BEGIN IMMEDIATE a kan wannan konekshan ɗin da ke riƙe da tsohon hoto, sai ya zama ɗagawa ce dai daga karatu zuwa rubutu, irin wadda Malam ya bayyana a sama. IMMEDIATE yana taimako ne kawai idan konekshan ɗin ba ya riƙe da komai a lokacin.

Kumburin WAL ma daga nan yake. A WAL, rubutu ba ya taɓa babban fayil kai tsaye, ana jera sababbin shafuka ne a ƙarshen fayil ɗin -wal. Idan ya kai shafi 1,000, SQLite yana kwashe su zuwa babban fayil, aikin da ake kira checkpoint. Girman shafi bait 4,096 ne tun siga ta 3.12.0, don haka a lafiyayyen yanayi WAL yana yawo ne a kusa da megabait 4. Amma kwashewar ba ta iya wuce inda mai karatu mafi daɗewa ya tsaya, don idan ta wuce za ta canja masa shafukan da yake kallo. Kuma ba a komawa farkon fayil ɗin a sake rubutu a kansa sai an kwashe komai kuma babu mai karatun da ke dogara da shi. Taga ɗaya da aka bari a buɗe tun safe ta isa ta hana wannan duka, kowane COMMIT sai dai ya ƙara tsawo. Ba faifai kawai yake ci ba, karatu ma yana ƙara nauyi idan WAL ya yi girma.

Ka tabbatar da kanka. Manhajar tana buɗe, shigo da bayanai ya gama, ka buɗe sqlite3 a gefe ka rubuta:

PRAGMA wal_checkpoint;

Zai dawo da lamba uku. Ta biyu yawan shafukan da ke cikin WAL, ta uku yawan waɗanda aka samu kwashewa. Idan ka ga ta biyu ta haura 100,000 ta uku kuma ta maƙale a wata ƙaramar lamba, akwai mai karatun da ya tsaya. Rufe tagar jadawalin ka sake, za ka ga sun daidaita.

Idan kana son sanin takamaiman umarnin da ke buɗe, QSqlDriver::handle yana ba ka ainihin sqlite3 ɗin da ke ƙasa. Ka zagaya da sqlite3_next_stmt, ka tambayi kowanne da sqlite3_stmt_busy, wanda ya amsa da e ka buga rubutunsa da sqlite3_sql. Sharaɗi ɗaya mai muhimmanci: dole ayyukan nan su fito daga kwafin laburaren da direban Qt yake amfani da shi. Qt yana zuwa da nasa SQLite a cikin direban. Idan ka haɗa wani sqlite3 na daban a manhajarka ka miƙa masa wannan hannun, kwafi biyu ne ke taɓa abu ɗaya, kuma manhajar tana iya mutuwa ba tare da wani saƙo ba.

Hanyoyin gyara suna da daraja daban-daban. Mafi sauƙi, bayan setQuery ka riƙa kiran fetchMore har canFetchMore ya ce babu saura. Umarnin zai kai ƙarshe, hoton ya saku. Ga jadawali mai layi 5,000 ko 10,000 wannan ya wadatar. Ga layi 200,000 kuwa zai ci memori, taga kuma ta yi jinkirin buɗewa, ban ba ka shawararsa ba.

Wasu za su ce ka ware konekshan na uku don karatu kawai. Wannan zai kawar da 517, gaskiya ne, amma WAL zai ci gaba da kumbura, don mai karatun yana nan a tsaye, wurin zama kawai ya canja. An gudu ba a tsira ba.

Abin da na fi yarda da shi, ka rubuta naka samfurin a kan QAbstractTableModel, ka riƙa ɗebo bayanai shafi-shafi da umarnin da ke ƙarewa nan take:

SELECT id, suna, adadi FROM kaya WHERE id > ? ORDER BY id LIMIT 500

Ka ajiye id na ƙarshe da ka gani, shi za ka ba umarni na gaba. Ka kwashe layukan 500 zuwa cikin memori, ka kira QSqlQuery::finish. Kada ka yi amfani da OFFSET a nan, don SQLite sai ya taka duk layukan da ka ce ya tsallake kafin ya ba ka naka, shafi na 300 zai fi na farko nauyi nesa ba kusa ba.

Sannan ka bi kod ɗinka ka nemo ƙananan SELECT masu dawo da layi ɗaya. Wanda aka kira next sau ɗaya aka karanta ƙimar aka wuce, shi ma bai ƙare ba, don SQLite bai kai ga cewa layuka sun ƙare ba. Idan QSqlQuery ɗin na cikin aiki ne, zai mutu da fitar aikin, babu damuwa. Idan kuwa mamba ne na wani aji mai tsawon rai, yana nan riƙe da hoto har sai an sake exec ko an kira finish. Irin waɗannan sun fi wuyar ganowa, don ba a ganinsu a allo.

bakin_faifai ya rubuta:

Malama ta gama da biyun farko. Ta ukun ita ce ta fi tayar min da hankali, don sauran suna ɓata wa mai amfani rai ne, wannan kuwa tana iya raba shi da bayanansa. Ka tsayar da wancan QFile::copy ɗin yau, kada ka jira siga ta gaba.

Rumbun da ke WAL, muddin yana buɗe, fayil uku ne: babban fayil, da -wal, da -shm. Duk abin da aka yi wa COMMIT amma ba a kwashe ba yana cikin -wal ne kaɗai. Kai kuma naka WAL ɗin ya kan yini ba a kwashe shi ba, saboda dalilin da aka bayyana. Ka kwafi babban fayil shi kaɗai, ka samu rumbu lafiyayye amma na safe, shi ne bayanan ranar da kake cewa sun ɓata. Wanda ya lalace kuwa, kwafin ya haɗu ne da kwashewa tana gudana: rabin shafukan da aka kwafa tsofaffi, rabi sababbi, bishiyar da ke haɗa su ta daina daidaita. Lambar wannan kuskuren 11 ce, SQLITE_CORRUPT. Kwafar fayilolin uku ɗaya bayan ɗaya ma ba ta tsirar da kai ba, don suna iya canjawa a tsakanin kwafi da kwafi.

Idan wata rana za ka kai manhajar Linux ko macOS, akwai ƙarin haɗari. A can SQLite yana amfani da kullen POSIX, wanda ke da wata ɗabi'a: idan manhaja ta buɗe fayil ɗin ta wata hanya ta rufe, duk kullen da take riƙe da shi a kan fayil ɗin ya warware, har da na SQLite, kuma SQLite ba zai sani ba. Kwafin fayil daga cikin manhajar yana yin daidai wannan.

Hanyar da ta dace tana cikin SQLite ɗin kansa. Fara duba sigarka da SELECT sqlite_version. Idan ta kai 3.27.0, ta 2019, kuma wadda ke cikin Qt 6 ta wuce nan, kana da wannan:

VACUUM INTO 'C:/ajiya/kaya-sabo.tmp'

Yana karanta rumbun a matsayin hoto ɗaya daidaitacce, har da abin da ke cikin WAL, ya rubuta sabon fayil guda ɗaya a matse. Ba ya hana masu rubutu aiki. Sharuɗɗansa: fayil ɗin da za a rubuta kada ya kasance yana nan da wani abu a ciki, kada a kira shi a cikin taransakshan, kuma kada konekshan ɗin ya kasance da wani umarni a buɗe. Saboda haka ka buɗe masa nasa konekshan a zaren baya, ya gama ka rufe. Akwai kuma sqlite3_backup_init da 'yan'uwansa idan kana son kwafi kaɗan-kaɗan da nuna ci gaba a allo, amma ga rumbu mai megabait 90 ba ka buƙatar wannan wahalar.

Bayan an rubuta, ka buɗe sabon fayil ɗin ka yi PRAGMA integrity_check. Sai ya dawo da "ok" sannan ka canja masa suna zuwa na dindindin. Kada ka rubuta a kan kwafin jiya, ka riƙe aƙalla guda 7 suna juyawa, don lalacewa takan kwana biyu kafin a lura da ita.

Wurin mayar da kwafi ma akwai rami. Ka rufe duk konekshan, ka kawar da tsohon babban fayil tare da -wal da -shm ɗinsa, sannan ka ajiye kwafin da sunan. Idan ka bar tsohon -wal a gefen rumbun da aka mayar, SQLite zai iya ɗaukarsa nasa ne ya zuba shafukansa a ciki, ka lalata kwafi mai kyau da hannunka. Haka kuma idan manhaja ta mutu ko wuta ta ɗauke ka tarar da -wal a folda, kada wani kod na share-share ya goge shi. Buɗewa ta gaba ce za ta karanta shi ta dawo da abin da ke ciki.

Shi kuwa fayil ɗin da ya riga ya lalace, ka fara ajiye kwafinsa a gefe kafin ka taɓa shi. Idan integrity_check ya nuna cewa fihirisa ce kawai ta rasa wasu layuka, REINDEX yakan gyara. Idan shafukan jadawali ne, ka yi amfani da umarnin .recover na manhajar sqlite3, wanda ya zo a 3.29.0. Ya fi .dump amfani a nan, don .dump yana bin bishiyar ne ya tsaya a inda ta karye, shi kuwa .recover yana bin shafukan kai tsaye, layukan da bai gane jadawalinsu ba ya tara su a lost_and_found. Ka zuba sakamakon a sabon rumbu, ka bi shi da PRAGMA foreign_key_check.

Tambaya gare ka: a ina fayil ɗin yake zaune a kwamfutocin masu amfani? Idan a foldar da aka raba ta netwok ne, WAL ba ya aiki a can, don -shm memori ne da ake rabawa tsakanin manhajojin da ke kwamfuta ɗaya. Idan a foldar da wata manhaja ke daidaitawa da intanet ne, ita ma kwafar fayilolin take yi ɗaya-ɗaya suna buɗe, irin abin da muke hana ka. Wurin da ya dace shi ne abin da QStandardPaths::AppLocalDataLocation ya ba ka. Manhajojin kariya ma sukan riƙe fayil na ɗan lokaci a Windows. SQLite yana sake gwadawa har sau 10, yana farawa da jiran milisakan 25 yana ƙara 25 kowane karo, don haka wannan ba kasafai yake fitowa fili ba. Idan kana zargin wani ne daga waje ya riƙe fayil ɗin, Process Explorer zai nuna maka ko wane ne.

tsohon_hannu ya rubuta:

Ƙari kaɗan a kan maganar babban zare. Bayan ka gyara samfurin jadawalin, 517 zai tafi, amma masu rubutu biyu suna nan suna takara, ɗayansu kuma shi ke riƙe da fuskar manhaja. Na fi son a ce rubutu duka ya koma zare ɗaya mai konekshan ɗaya. Maɓallin ajiyewa ya aika buƙatarsa ta signal, zaren rubutu ya karɓa tsakanin ƙunshi da ƙunshi na CSV, ya aikata, ya mayar da amsa. Don wannan ya yiwu, kada shigo da bayanan ya zama dogon zagaye ɗaya. Kowane ƙunshi ya zama kira ɗaya da ke tsara na gaba da QTimer::singleShot, ta yadda saƙonnin da ke jira za su samu shiga. Da haka babu wanda zai ƙara jiran kulle a cikin manhajar.

Ka tuna ƙa'idar Qt: konekshan na zaren da ya ƙirƙire shi ne kaɗai. Ka kira addDatabase da suna na daban a cikin zaren kansa bayan ya fara gudu, ba a wurin gina abin ba, don ginin yakan faru ne a babban zare. Kuma a cikin saitunan nan, journal_mode=WAL ne kawai ke zama a cikin fayil. Su foreign_keys da synchronous da busy_timeout na kowane konekshan ne, sai an maimaita su a duk buɗewa. A WAL, synchronous=NORMAL ba ya lalata rumbu idan wuta ta ɗauke, amma ana iya rasa COMMIT na ƙarshe-ƙarshe. Idan bayanan irin waɗanda ba a yarda a rasa ko ɗaya ba ne, ka bar shi a FULL.

sabon_magini ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. An koma ɗebo layi 500-500, an mayar da rubutu zare ɗaya, kwafin ajiya kuma yanzu VACUUM INTO ne. Fayil ɗin yana AppLocalDataLocation tun asali. Lambobi na biyu da na uku na wal_checkpoint suna daidaita yanzu. Saura abu ɗaya: a kwamfutar gwaji WAL ya kai megabait 40 lokacin wani babban aiki, kuma ya tsaya a haka ko da an kwashe komai. Wannan alamar akwai sauran mai karatu ne?

mai_jadawali ta rubuta:

A'a, tunda lambobin biyu sun daidaita babu wanda ya tsaya. SQLite ba ya rage girman fayil ɗin bayan kwashewa, komawa farkonsa yake yi ya rubuta a kan tsofaffin shafuka, don hakan ya fi sauri a kan faɗaɗa fayil kullum. Yana goge shi ne idan konekshan na ƙarshe ya rufe lafiya. Idan girman ya dame ka, ka sa PRAGMA journal_size_limit=8388608 a konekshan ɗin rubutu, zai riƙa datse shi zuwa megabait 8 duk lokacin da aka koma farko. Ko kuma bayan an gama shigo da CSV, zaren rubutu ya aika PRAGMA wal_checkpoint=TRUNCATE sau ɗaya, wanda ke mayar da fayil ɗin bait 0. Wannan yana jiran masu karatu su gama, kuma yana tare masu rubutu yayin da yake jira, don haka kada ka haɗa shi da lokacin VACUUM INTO. Ka duba lamba ta farko da ya dawo da ita: 0 ya kammala, 1 wani ya tare shi, sai ka bar shi zuwa ƙarshen aiki na gaba.